Kalmomin da Suka Rage a Bakin Baba

Zuwa ga taubashiyata Jan Biro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da injinan buga littattafan nan naku da suka cinye miki kunne. Da kina jin waya da ban wahalar da kaina da biro ba, kin dai san rubutuna, kamar kaza ta yi tono. Mu nan lafiya lau, sai jikin Baba, kuma shi ne dalilin wannan takarda.

Kin ji labarin faɗuwar da ya yi har ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Alhamdu lillahi yanzu yana zama da kansa a kujerarsa ta bakin taga, yana cin abinci da hagu. Abin da ba a gaya miki ba shi ne bakin. Hausa ta tafi, taubashiya. Ba ya iya cewa ruwa, ba ya iya kiran sunana. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci har muryarsa ta dushe, yau in yana son kofi sai dai ya nuna da yatsa.

Amma bakin bai mutu duka ba. Akwai wasu 'yan kalmomin Turanci da ke fitowa tsaf, ba gargada. Zan rubuta miki su yadda kunnena ya ji, kada ki sa min jan biro. Maƙwabcinmu mai kanti, wanda bai taɓa leƙowa ba tun da aka sallamo mu daga asibiti, ya zo dubiya yana cewa ai shi kullum Malam yana ransa. Baba ya dube shi ya ce, "Hawweba." Wata rana na ce yau ba zan ci abincin rana ba, ya ɗaga gira ya ce, "Bikos?" Mai gasa masa jiki ta makara, ta shigo tana cewa ruwa ya yi yawa, hanya ta lalace, ya ce, "Diyafo," har da ɗan murmushi a ɓarin bakin da ke motsi.

Na tambayi likita. Ya ce irin wannan ciwo yakan bar wa mutum guntayen kalmomi, kowa da irin nasa, mu dai ci gaba da yi masa hira. Shi kuwa Yaya Babba ya riga ya yanke hukunci. Ya ce hankalin Baba ya gushe, ragowar aji ne kawai ke fitowa, kamar aku. Ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba, amma bai taɓa zama ya saurara ba, in ya zo yana tsaye da makullin mota a hannu. Ya ce ƙarshen wata zai ɗauke Baba ya kai shi gidansa can garin da yake aiki, kusa da babban asibiti, a ɗauki mai jinya, a rufe gidan nan. A gaban Baba yake faɗin haka, kamar ana maganar inda za a ajiye kabad. Na ce masa duk inda aka kai Baba, ƙafata ƙafarsa.

Ni zuciyata ta ƙi yarda cewa babu kowa a cikin jikin nan. Ke ce 'yar gaban goshinsa a aji, ni kuwa kin san ta taga nake gudu in ya ɗauko alli. Don Allah ki gaya min, waɗannan kalmomi magana ce ko surutu? In magana ce, ba wanda zai ɗauke shi ba tare da an tambaye shi ba.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Autar Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, yara suna gaishe ki, maigidan ma ƙafar tasa da sauƙi. Allah ya ba Kawu lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya saka miki da alheri. Rubutunki kuwa, an zalunci kaza.

Auta, a bakin teburin aikina na karanta, ga tarin shafuka suna jiran in duba musu kuskure. Na sake karantawa, na ajiye biro, na kasa komai har aka tashi. Kin san abin da kika rubuto min kuwa?

"However" na nufin amma fa. "Because" na nufin saboda. "Therefore" na nufin saboda haka. Ba sunan komai ba ne, kalmomin haɗi ne, waɗanda ake ɗaure magana da magana da su. Ke tela ce, to yadin ne ya tafi, zaren yana nan. Yanzu ki koma ki duba inda ya sa kowace. Mai kanti ya ce kullum Malam yana ransa, Kawu ya ce amma fa. Wato amma ba mu gan ka ba! Kin ce ba za ki ci abinci ba, ya ce saboda me. Mai gashi ta kawo uzurinta, ya ƙarasa mata: saboda haka kika makara. Ko ɗaya bai sa a gurbin da ba nata ba.

Aku ba ya yin haka. Kafin mutum ya ce "amma" a daidai wurinta, sai ya fahimci maganar farko, sannan yana riƙe da ta biyu a zuciyarsa. Ta biyun ce ba ta da ƙofar fita.

Na tuna wani darasi da ya yi mana shekarar da na zauna a gidanku. Ya rubuta jimla biyu a allo da Turanci: ruwa ya sauka, manomi ya yi kuka. Ya bar fili a tsakani. Ya sa "therefore", muka ce ruwan ya yi ɓarna. Ya goge, ya sa kalmar da ke nufin duk da haka, muka ce to wani abu ne daban ke damun manomin, wataƙila an yi masa rasuwa. Ruwa ɗaya, kuka ɗaya, amma labari ya sake. Sai ya karkaɗe allin hannunsa ya ce, "Sunan abu ko jariri ya iya. In kuna neman hankalin mutum, ku duba mahaɗar maganarsa." Muka yi ta dariya a bayan idonsa, muna ce masa Malam Mahaɗa. Yau ga shi Allah ya karɓe komai ya bar masa su kaɗai. Ikon Allah sai kallo.

Kawu yana nan, Auta, yana nan da hankalinsa garau. Ki riƙa sauraron abin da aka faɗa kafin ya yi magana, can amsar take. Ki gaishe min da shi, ki ce masa Jan Biro har yanzu da abin da ya koya mata take cin abinci.

Taubashiyarki, uwar gidanki,
Jan Biro

*

Jan Biro,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Baba har ya fara taka ƙafar in an riƙe shi. Uwar gidan wa? Ki jira in zo.

Na karanta masa takardarki. Da na zo wurin Malam Mahaɗa, ya yi dariya har da tari, irin wadda ban ji ba tun kafin ciwon. Ni kuwa kuka na yi. Tun ran nan na zama kamar wadda aka buɗe wa kunne. Ashe duk watannin nan hira yake yi da mu, mu ne kurame, ba ke ba. Ina share ɗaki ina yi masa labarin unguwa, yana jefa kalma ɗaya, sai in ga ta zauna daram. Wani lokaci tsoro ma yake kama ni, in tuna irin maganganun da aka yi a kansa yana zaune.

Akwai mai gyaran keken ɗinki da yake zuwa tambayar lafiyar kekena. Na gaya masa shagon a rufe yake tun da Baba ya kwanta, yarana masu koyon ɗinki duk sun watse, keken ba abin da ya same shi. Ya ce ai zama ma yana lalata keke. Ya dawo, ya sake dawowa. In ya shigo gaishe da Baba, sai Baba ya dube shi, ya dube ni. Kada ki ce komai.

Ga abin da ya sa na rubuto da sauri. Jiya Yaya Babba ya zo auna ƙofa don keken guragu. Ya sunkuya ya ɗaga murya kamar mai yi wa kurma magana, ya ce, "Baba, ƙarshen wata za mu tafi, kai da Auta." Baba ya girgiza kai ya ce, "Anles." Ya maimaita, yana bugun hannun kujera. Yaya ya ce, "Kin ji ko, ya koma aji," ya fice. Mene ne anles? Ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda amsarki, zai juyo gobe.

Auta

*

Auta,

Lafiya lau muke, Allah ya ƙara sauƙi. A tsaye nake rubutu, direban yana ta danna min oda a bakin ƙofa.

Kalmar "unless" ce. Yana nufin ba zai tafi ba, sai in an cika wani abu da yake so. Ita wannan kalma ba ta tsayawa ita kaɗai, kullum akwai sharaɗi a bayanta. Shi za ki nemo. Maganar mai gyaran keke kuma, na ji, ban ce komai ba, amma ina da baki.

Jan Biro

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, don ni dai hankalina ba a kwance yake ba. Mu nan ƙalau. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu rabbana. Ƙarshen wata ya matso, ke kuma shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Jiya matar Yaya Babba ta aiko wa maigidana saƙo, shi ya nuna min. Wai kin tare Yaya a tsakar gida kina ɗaga takardata, kina cewa Jan Biro ta tabbatar Baba ya ce ba zai tafi ba. Wai ya ce miki ba haka kalmar take nufi ba, kika ce ai shi ba ya son gaskiya. Wai kun yi ta sa-in-sa a ƙofar ɗakin Kawu, kuma tun ran nan Kawu ya juya fuska bango, ko kalma ɗaya bai ƙara faɗa ba.

Haba Auta! Kin yi wa jimlata yankan tela, kin ɗauki inda ya yi miki, kin zubar da sauran. Na rubuta ba zai tafi ba, na sa waƙafi, na ce sai in. Duk maganar tana bayan "sai" ɗin nan. A wannan karon Yaya Babba ne da gaskiya. Ban ga laifinki ba, na san gajiya da ƙauna ne suka karanta miki takardar. Amma ki duba: shi ya ce Kawu ba ya magana, ke kin ce yana magana, sannan kika sa masa taki a baki. Ina jin abin da ya sa ya yi shiru ke nan.

Ga shawarata. Ki ba shi haƙuri. Ki kira Yaya, ku zauna, ba a tsaye ba. Ku faɗi rabin farko, ku bar shi ya sa mahaɗa, sannan ku riƙa kawo masa rabi na biyu ɗaya bayan ɗaya har ku dace. In kun ji "so that", yana nufin domin, wato zai faɗi abin da yake buri. In kun ji "and", bai gama ba, akwai ƙari. In kun ji "although", yana nufin ko da yake, ita ce kalmar wanda ya yarda da abu alhali yana masa ciwo.

Ki shirya zuciyarki. Wanda ya ce a tambayi mutum, sai ya iya jin amsar ko ba ita yake so ba.

Taki har kullum,
Jan Biro

*

Zuwa ga taubashiyata,

Wa alaikumus salam. Ki yafe min shirun, kunya ce ta riƙe min hannu. Ina lafiya. Baba ma yana lafiya, an ce ya isa lafiya. E, kin karanta daidai. Bari in ba ki labari daga farko.

Na durƙusa a gabansa da safe bayan na yi masa wanka, na ce, "Baba, na yi maka ƙarya a bakinka, ka yafe min." Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya juyo ya ɗora hannun hagu a kaina. Na kira Yaya na ba shi haƙuri shi ma, na ce alfarma ɗaya nake nema, ya zo ya zauna. Ya zo, har ya ajiye makullin motar a kan tebur.

Yaya ya ce, "Baba, ba za ka tafi ba..."

Baba ya ce, "Anles."

Na ce, "Sai an tafi da littattafanka?" Shiru. Yaya ya ce, "Sai an ba ka ɗaki mai taga?" Shiru. Muka kawo zancen kujerarsa, muka kawo na mai gasa masa jiki, muka kawo na likitansa, yana kallonmu kamar ɗalibai marasa ƙoƙari. Sai na ce, "Baba, in don ni ce, ai na riga na faɗa, tare za mu tafi, ba zan bar ka ba." Ya bugi hannun kujera da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

Yaya ya matso kusa. Ya dubi Baba, irin kallon da ban ga ya yi masa ba tun ciwon nan, sannan ya ce a hankali, "Baba, ba za ka tafi ba sai in Auta ta zauna?"

Baba ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Ya ɗaga hannu ya nuna taga, can wajen layin da shagona yake, ya ce, "So dat."

Yaya ya ce, "Domin ta buɗe shagonta."

Baba ya ce, "And."

Yaya ya ce, "Ta dawo da yaranta masu koyo."

"And."

Yaya ya juyo gare ni yana neman taimako. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya yi wannan rabin murmushin nasa, ya juya hannu a iska kamar mai murɗa sukurudireba. Wallahi taubashiya, duk zuwan mai gyaran keken nan a lissafe yake.

Yaya ya zame daga kujera ya durƙusa, ya cire hula. Ya ce, "Baba, ashe duk abin da nake faɗa a gabanka kana ji?" Ya kifa kai a gwiwar Baba yana kuka, babban mutum mai furfura. Baba ya faɗi wata doguwar kalma da ban taɓa ji ba, wai nebadales. Yaya ya ɗago ya ce min, "Ya ce duk da haka." Ya kasa ƙarasawa, ba kuma wanda ya buƙaci a ƙarasa, mun gane Baba ya yafe.

Ban san yadda zan kwatanta miki abin da na ji ba. Tsoro ne da mamaki a haɗe. Mutumin da ba ya iya neman ruwa da bakinsa, wanda nake ɗagawa ina kwantarwa, ashe yana zaune yana duba rayuwata gaba da baya, yana ganin abin da ni na ƙi gani. Na yi yaƙi don a tambaye shi, aka tambaye shi, ya ce in sake shi. Ya zaɓi hannun baƙuwar mai jinya a kan nawa, domin ni.

Sai ya zuba min ido yana jira. Na gane sharaɗin a hannuna yake: in na ce a'a, ba inda za shi. Na so in ce a'a, Allah ya sani. Na nemi Hausar da zan yi masa na rasa. Sai na tuna kalmar "ko da yake" ɗin nan ta takardarki, na buɗe baki, ni da nake gudu ta taga, na ce, "Oldo..." Kuka ya sarƙe ni, sauran ya ƙi fitowa.

Kin san abin da ya yi? Ya ɓata fuska. Ya girgiza kai, ya fito da kan harshensa tsakanin haƙora yana nuna min yadda ake faɗa. Na sake, ya girgiza kai. Na sake, hawaye na shiga min baki, Yaya yana dariya yana kuka. Sai da na faɗe ta yadda yake so, sannan ya gyaɗa kai. Ya juya wajen Yaya ya ce, "Diyafo."

Yaya ya miƙe ya fara sauke littattafan Baba daga kan kantarsu, yana shirin tafiya.

Sun tafi shekaranjiya. Ki rubuto min da wuri, ki cika takardar, gidan ya yi shiru da yawa.

Taki,
Auta